Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Gombe, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya

Assalamu alaikum, Mai girma Gwamna. Allah ya ƙara lafiya, ya yi riƙo da hannunka.

Ni ba ɗan siyasa ba ne, ba kuma neman kwangila ya sa na rubuto ba. Ɗan shago gare ni a Tudun Wada, ba nisa da Jami'ar Jihar Gombe: kwamfuta uku, firinta, injin fotokwafi, da wani tsohon janareta da sai an lallashe shi yake tashi. Yaran da na buga wa aikin kammala digiri su ne ke dawo mini bayan bautar ƙasa, da jakar takardu a hammata, su ce, "Oga, an buɗe wani abu?" Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Watannin baya wani yaro ya shigo daga wajejen Bajoga, fuskarsa cike da fara'a, ya miƙo mini takarda in sa masa a leda kada ta lalace. Wai ofa ce ta aiki a wata hukumar tarayya. Ina dubawa gabana ya faɗi. An rubuta sunan hukumar da kuskure tun daga kan takardar, adireshin imel ɗin kuma irin wanda kowa zai buɗe a wayarsa ne. Na ce nawa ka bayar? Ya sunkuyar da kai. Bijimin noman mahaifinsa aka sayar, uwar ta cika da awakinta biyu. Ya zauna a benci na kusan awa guda bai ce uffan ba, sai juya takardar yake yi.

Ranka ya daɗe, wannan yaron ba wawa ba ne. Digiri gare shi mai kyau. Abin da ya jefa shi shi ne bai taɓa ganin an ɗauki wani aiki a fili ba. Duk wanda ya sani yana aiki, in ka bincika za ka ji "wane ne ya yi masa hanya." To wanda ba shi da uwa a gindin murhu, in aka zo masa da hanya ta kuɗi, me zai hana shi yarda?

Iyakar abin da nake iyawa ina yi. Ina gaya musu aikin gwamnati na gaskiya ba a sayen fom ɗinsa a hannun mutum, duk wanda ya ce a tura kuɗi asusunsa ɓarawo ne ko da babbar riga ya zo. Ina sa su jera takardunsu a tebur mu duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya, domin da yawa Muhammad ne a sakamakon WAEC, Mohammed a lambar NIN, Muh'd a takardar shaidar ƙaramar hukuma. Shafin ɗaukar aiki ba ya jin magiya. Da ya ga saɓani sai ya watsar da mutum, shi kuma ya tafi yana cewa an yi masa asiri. Gyaran nan yana cin makonni, ba a fafe gora ranar tafiya. Ina hana su barin lambar sirrin imel a hannun mai shago, har ni kaina, don akwai wanda aka kira jarrabawa saƙon ya yi wata guda bai gani ba. Takardar bayanin kai da suke kira CV, ina ce musu shafi ɗaya ya isa, a faɗi abin da aka iya yi da hannu, a bar dogon turancin da aka kwafo daga wurin aboki. Masu bautar ƙasa kuwa, tun da alawus ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000, nakan roƙe su su ɗaure wani abu su koyi lissafi a kwamfuta ko haɗa sola kafin shekarar ta ƙare. Wasu suna ji, wasu sai waya sabuwa.

Amma shawarar mai shago iyakarta bakin ƙofar shagonsa. Abin da ya rage yana hannunku.

Roƙona shi ne duk gurbin da ya samu a ma'aikatu da hukumomin jiha, ko na mutum biyar ne, a shelanta shi a wuri ɗaya da kowa ya sani, da ranar buɗewa da ranar rufewa. A karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci da Tangale da Tera, a manna a sakatariyar ƙananan hukumomi 11, domin yaron Nafada ko Shongom ba kullum yake da data ba. Idan an gama, a fito da sunayen waɗanda aka ɗauka da makin kowa. Wanda ya faɗi zai haƙura in ya ga da idonsa an fi shi. Wannan ba ya buƙatar gini ko sayen motoci. Umarni ne kawai, da wanda zai bi ya ga an yi.

Sai maganar shekaru. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Ɗan talaka da ya yi shekara biyu yana neman gurbin karatu, ya haɗu da waɗannan, ya yi bautar ƙasa, kafin ya juya an ce ya tsufa da aikin farko. A sassauta wannan ƙa'ida a aikin jiha.

Muna kuma jin labarin rukunin masana'antu na Dadin Kowa, da man Kolmani da aka ƙaddamar da haƙonsa a Nuwamban 2022, ga simintin Ashaka da ya daɗe a Funakaye. Yaranmu suna jin sunayen nan kamar labarin wata ƙasa. Me zai hana jami'ar jiha, da ta Kashere, da kwalejin horon malamai su zauna da masu kamfanonin nan sau ɗaya a shekara, a gaya wa ɗan aji uku irin hannun da za a nema? In walda ce ta musamman, ko aikin injin sarrafa shinkafa, ko kula da sito, ya sani tun da sauran lokaci. In ba haka ba, ranar ɗaukar ma'aikata za a ce babu ƙwararru a gida, a kwaso daga nesa, namu su samu gadi.

Yaron Bajoga yanzu yana zaune da injin POS a bakin kasuwa, yana tara kuɗin da zai mayar wa mahaifinsa bijimi kafin damina. Makon jiya ya biyo ta shagona, ya tsaya a ƙofa bai shigo ba, ya ce, "Oga, in an buɗe na gaske, ka kira ni." Na rubuta lambarsa a bayan littafin bashi, ƙasan sauran.

Allah ya ja zamaninka.

Naka,
Wani mai shagon buga takardu,
Tudun Wada, Gombe