A Riƙa Jin Ta Bakin Yara Kafin A Yanke Hukunci A Kansu

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin hukumomi da malamai da iyaye game da wani haƙƙi da ake yawan ambata a taruka amma ba a cika aiki da shi ba, wato haƙƙin yara da matasa na a saurare su kafin a zartar da abin da ya shafi rayuwarsu.

Wannan haƙƙi a rubuce yake. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 20 ga Nuwamba, 1989, ya tanadi cewa duk yaron da ya isa tsayar da ra'ayi yana da damar faɗinsa a kan dukkan lamarin da ya shafe shi, kuma a ba ra'ayin nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Amurka ce kaɗai a cikin mambobin Majalisar ba ta kammala shiga yarjejeniyar ba.

Na san wasu za su ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ban musa ba, sai dai sashen bai ce a miƙa wa yaro ragamar hukunci ba, cewa ya yi a ji shi. Akwai kuma abubuwan da babba ba ya gani komai hangen nesansa, domin ba shi ne yake zaune a cikin aji ba. Ɗaliba ita ta san cewa rashin banɗaki mai ƙofa ne yake hana ta zuwa makaranta wasu kwanaki a kowane wata, ɗalibi shi ya san hanyar da ake tare su a kai, da malamin da tsoronsa ya sa ba a yin tambaya. Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, abin da hukumar UNESCO ta ce ya shafi ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi, ƙasashe da dama sun mayar da karatu ta intanet da talabijin, alhali da an fara tambayar yaran, da an san tun da wuri yawan waɗanda ba su da waya ko wutar lantarki.

Abin da ya fi damuna shi ne sauraren ganin ido. A tara yara ranar biki, a ba ɗaya takardar da babba ya rubuta ya karanta, a ɗauki hoto, a watse, washegari a sa hannu a kan manufar da aka riga aka gama. Farfesa Laura Lundy ta Jami'ar Queen's da ke Belfast ta bayyana a 2007 cewa sai abu huɗu sun haɗu kafin a ce an cika wannan haƙƙi: wurin da yaro zai yi magana cikin aminci, taimakon da zai sa ya iya faɗin abin da ke ransa, mai iko da zai saurara, sannan maganar ta yi tasiri. Na ƙarshen nan ne ake tsallakewa. Har ila yau, waɗanda ake gayyata galibi 'ya'yan masu hali ne da suka iya bakin manya, ba a ganin masu buƙata ta musamman ko waɗanda ba sa makaranta, su da manufofin suka fi shafa.

Wasu ƙasashen sun wuce nan, domin Brazil tun 1988 da Ostiriya tun 2007 sun ba 'yan shekara 16 damar jefa ƙuri'a. Ni buƙatata ba ta kai can ba. Ina kira ga kowace ma'aikata da ke tsara manufa a kan ilimi ko lafiya ko shari'ar yara da ta tuntuɓe su tun daftarin yana ɗanye, sannan ta koma ta gaya musu, cikin harshen da suke ji, abin da ta ɗauka daga shawararsu, da abin da ta ajiye, da dalilin ajiye shi.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku