Binciken mahaifar ɓera ba rashin aikin yi ba ne

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in tanka ma masu dariya wai masana sun rasa abin yi sai leƙen cikin ɓera. Ni bayoloji nike koyarwa nan Katsina, kuma wallahi abin da aka gano a mahaifar ɓeran nan ya shafi matanmu.

Macen ɓera duk kwana 4 zuwa 5 take zagayowa ta karɓi namiji, cikinta kuma kwana 19 zuwa 21 ne kacal, shi ya sa cikin wata guda mai bincike ya ga komai daga farko har haihuwa. To an lura fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, ba zaman dirshan suke a mahaifa ba, sinadaran da jakar ƙwai ke fitarwa su ke kiransu su ke sallamarsu. In ɗaya daga cikin sinadaran, wato istirojin, ya hau sai wasu da ake ce ma iyosinofil su yi dafifi a bangon mahaifa, in an cire ma ɓera jakar ƙwai su watse, a yi mata allurar istirojin kuma cikin 'yan awoyi ga su sun dawo. Wani sinadarin kuma, furojestaron, shi lallashi ne aikinshi, ya kwantar da su don ciki ya samu wurin zama.

Nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Tun 1953 wani masanin kimiyya, Peter Medawar na Ingila, ya yi tambaya, jikin da ke ƙin ƙodar wani in an dasa mashi ya aka yi yake riƙe ɗan tayi alhali rabinshi na uba ne? A ɓera an ga wasu sojoji da ake kira NK suna cika mahaifa wajen kwana na 10 na ciki, ba faɗa ya kawo su ba, buɗa jijiyoyin jini suke don jini ya isa mabiyiya, ɓeran da ba ta da su jijiyoyin nata sai su tsaya a tsuke. A mata kuma tsukewar jijiyoyin nan tana da alaƙa da hawan jinin masu ciki, wanda in ya yi tsanani yake kai wa ga jijjiga. Amma mu nan mace ta yi ɓari sau biyu sai a ce iska ce ko kishiya ta yi mata jifa, awo ma ba a kai ta ba.

Ban ce ɓera mutum ce ba fa, ɓeran ɗakin gwaji ko haila ba ta yi, don haka kar wani ya karanta wannan ya ruga kemis sayo ma matarshi furojestaron, likita ke da wannan hukunci.

Roƙona ku ware shafi ko sau ɗaya a wata, ku gayyato malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da likitocin mata su riƙa warware mamu irin wannan da Hausa.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina