Don Allah a sake kawo zancen Ram-Leela, an manta da zawarawa

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina gaida duk ma'aikatan gidan rediyonku musamman masu shirin finafinan Indiya, wanda bana bari ya wuce ni ko da ina kan keken ɗinki ne.

A shirin da ya gabata an tattauna kan Ram-Leela na Sanjay Leela Bhansali wanda ya fito a Nuwamban 2013, na Ranveer Singh da Deepika Padukone, to gaskiya na kashe rediyo raina ba daɗi, domin duk wanda ya kira waya zancensa ɗaya ne, soyayya da waƙoƙi da kyan kaya. Ban ce ba su yi kyau ba fa, ni tela ce, sau nawa na tsayar da fim ɗin don kawai in ƙare wa aikin jikin siket ɗin Deepika kallo. Amma wallahi ba a taɓo abin da ya fi ci min rai ba.

Gari ne a jihar Gujarat da aka kira shi Ranjhaar a cikin labarin, dangi biyu, Rajadi da Sanera, shekara 500 suna gaba, bindiga kuwa a kasuwa ake baza ta kamar tumatir. Ram ɗan Rajadi, Leela 'yar Sanera. To ranar da abin ya lalace ma ba wani yaƙi aka fita ba, gasar harbin kwalba ake ana nuna isa, Kanji yayan Leela ya harbe Meghji yayan Ram ba da niyya ba, shi kuma Ram nan take ya harbe Kanji, shikenan cikin minti ɗaya mata biyu sun shiga takaba, Kesar matar Meghji da ɗanta ƙarami, da Rasila matar Kanji.

Waɗannan matan su nake so a yi magana a kansu. Rasila ta cire tsoro ta je unguwar abokan gaba don kai saƙon Leela, abokan Ram suka tare ta za su ci mutuncinta. Da labari ya kai wa Dhankor Baa uwar Leela, wadda Supriya Pathak ta fito a matsayinta, matar da ta datse yatsan 'yar cikinta saboda zoben Ram, sai ta tura mazan gidanta su rama a kan Kesar, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, da ƙyar ta sha. Kuma a ƙarshe duk masu bindigogin nan babu wanda ya iya kashe wutar, Kesar ce ta riƙo hannun marayanta ta kai shi gaban Baa, zuciyar Baa ta karye ta janye umarnin kashe 'yan Rajadi, amma kafin a isa da labari Ram da Leela sun riga sun harbe juna.

Abin da ya sa na damu, maƙwabciyata an kashe mata miji a faɗan daba tsakanin unguwarmu da ta gaba da mu, yana dawowa daga kasuwa, shi ko wuƙar yanka albasa baya yawo da ita, har yau babu wanda zai iya gaya maka mafarin rigimar. Tare muka kalli fassarar Hausa ta fim ɗin a wayata a tsakar gida, ana zuwa wajen kisan nan sai ta miƙe ta yafa hijabinta ta saɓi takalminta a hannu ta fita ko sallama babu. Ɗanta yanzu ya fara tambaya wa ya kashe babana, ita kuma kullum addu'arta kar wani ya nuna masa.

Su kuwa samarin layinmu wajen da Ram ke juya bindiga kawai suke yankowa su ɗora a status, har da masu yi wa kansu laƙabi da sunansa.

Don haka nake roƙo don Allah a sake ware mana rana, a gayyato mata su yi magana ba maza kaɗai ba, a kuma ja hankalin masu fassara su daina cusa barkwanci a wajen da ake kuka a kan gawa. Sannan a faɗa wa iyaye gaskiya, akwai wurare a fim ɗin da bai kamata yara su gani ba, ni kaina sai da na tura fim ɗin gaba na tsallake su. In an buɗe layi ranar zan kira insha Allah.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taku mai sauraro a kullum,
daga Kano