Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Izumi Nakamitsu Kan Kasuwar Na'urorin Juya Makamai Masu Linzami

Zuwa ga Babbar Wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya Kan Kwance Ɗamarar Yaƙi,

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto miki ne game da wata ƙaramar na'ura da ba a cika ambatonta a zaurukan shawara ba, alhali kasuwarta tana bunƙasa fiye da yadda dokokin duniya suke iya bin sawunta. Da Hausa muna cewa makami mai linzami, kuma sunan ya dace, domin kamar yadda doki ba ya juyawa sai an ja linzaminsa, haka makamin ba ya karkata sai wata na'ura ta motsa fikafikansa ko bakin injinsa bisa umarnin kwamfutar da ke cikinsa. Wannan na'ura ita ce hannun da ke jan linzamin, kuma idan babu ita, makamin roka ne kawai da ke tafiya inda aka cilla shi.

Cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke Sitokom ta ƙiyasta cewa kuɗin da duniya ta kashe kan soja a 2024 ya kai dala biliyan 2,718, kuma yaƙin Yukiren da rikicin Gabas ta Tsakiya sun cinye makaman kare sararin samaniya da sauri, har masana'antu suka shiga faɗaɗa aiki. Duk makamin da aka harba yana tafiya ne da na'urorinsa ba ya dawowa, saboda haka buƙatar ba ta yankewa.

Abin da ya fi damuna shi ne sauyin da aka samu a ƙirar na'urar kanta. A da an fi dogara da matsin mai ko na iskar gas, wanda ke buƙatar bututu da famfo da ƙwarewar da ƙasashe kaɗan ne suka mallaka. Yanzu kasuwa ta karkata zuwa injinan lantarki, kuma dalilin a fili yake: makami yakan yi shekaru a ajiye cikin kwanso, mai yana iya yoyo, shi kuwa injin lantarki ba ya neman kulawa sosai, ga rashin nauyi. Sai dai wannan sauƙin ya zo da matsala, domin ƙaramin injin lantarki da giyarsa da allon da ke sarrafa shi sun yi kama da waɗanda ake sa wa mutum-mutumin masana'antu da jirage marasa matuƙa na farar hula. Jami'in kwastam da ya buɗe kwali ba lallai ne ya gane inda kayan za su ƙare ba. A 2024, ƙungiyar bin diddigin makamai ta Conflict Armament Research ta binciki ɓaraguzan wani makamin Koriya ta Arewa da ya faɗa birnin Karkib na Yukiren, ta samu sassan lantarki fiye da 290 na ƙasashen waje, kusan kashi 75 cikin 100 na kamfanonin Amurka. Waɗannan sassan lantarki ne, amma hanyar da suka bi ita ce hanyar da injinan juya fikafikai za su iya bi.

A ɓangaren manyan kamfanoni kuma, kasuwar tana tattaruwa a hannun 'yan tsiraru. Kamfanin Parker Hannifin na Amurka ya saye Meggitt na Ingila a 2022, Safran na Faransa ya kammala sayen sashen irin waɗannan na'urori na jiragen sama daga Collins Aerospace a 2025 kan kimanin dala biliyan 1.8, bayan da farko Italiya ta hana sayar da Microtecnica, reshen Collins da ke ƙasarta, a 2023 saboda dalilan tsaro, yayin da tsofaffin hannu irin su Moog na jihar Niyok suke ci gaba da riƙe nasu kason. Maganaɗisun samariyom da kobalt mai jure zafi, wanda injinan ke buƙata, shi ma ya zama makamin ciniki tun da Sin ta sa samariyom cikin ma'adanai bakwai da ta ƙaƙaba wa lasisin fitarwa a Afrilun 2025. Gwamnatoci sun san darajar wannan na'ura sarai, kowace tana tsaron tata.

Abin da ya rage shi ne tsaro na bai-ɗaya. Tsarin sa ido kan fasahar makamai masu linzami na MTCR, wanda aka kafa a 1987, ya lissafa na'urorin sarrafa tafiyar makami cikin kayan da ake sa wa ido, amma ƙasashe 35 ne kawai a ciki, Sin ba ta cikinsu, kuma fahimtar juna ce ba yarjejeniya mai tilastawa ba. Yarjejeniyar Cinikin Makamai da ta fara aiki a 2014 ta ambaci sassa a sashe na 4, amma rahoton shekara-shekara da take buƙata bai haɗa da su ba. Rajistar makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka kafa a 1991 kuma ofishinki ke kula da ita, tana ƙirga cikakken makami da abin harba shi ne. Ma'ana, mai sayen kammalallen makami yana bayyana a takarda, mai sayen sassansa ya harhaɗa a gida kuwa ba ya bayyana, kuma a ganina wannan gibin ne zai jefa fararen hula cikin haɗari nan gaba.

Saboda haka ina roƙonki, ranki ya daɗe, ki gabatar wa kwamitin ƙwararrun gwamnatoci da ke bitar rajistar shawarar a buɗe gurbin bayar da rahoto kan na'urorin juya makamai, ko da bisa raɗin kai ne da farko. Ina kuma roƙon ofishinki ya tallafa wa ƙasashen da kaya ke ratsawa ta tashoshinsu da horon jami'an kwastam da hanyar tantance takardar shaidar mai amfani na ƙarshe, tare da neman kamfanoni su riƙa buga lambar da za a iya bin diddiginta a jikin kowace na'ura, yadda idan an tono ta daga ɓaraguzan gidan wani za a san wanda ya sayar da ita da wanda ya saya.

Da girmamawa,
Wani mai bibiyar harkokin cinikin makamai