Amsa ga Ustaz: ba wanda ya saye ni

Assalamu alaikum Ustaz,

Tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a ta iso, wai nawa 'yan mishan suka biya ni da na ce ba sarkin Rumawa Kustantin ne ya ƙirƙiro bauta wa Annabi Isa (AS) a taron manyan limaman Kirista da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325 ba. Haba Ustaz! Shekara da shekaru muna sahu ɗaya da kai, ɗaliban da na koya wa tarihi suna nan da ransu, a tambaye su ko na taɓa sayar da bakina. Da kuɗi ake rabawa ai da ba a kan tsohon babur ɗin nan za ka riƙa ganina ba.

Ni ban ce Kiristocin farko bakinsu ɗaya ba, ina! Akwai Ebiyonawa, Yahudawa ne da suka ɗauki Isa mutum kuma Almasihu, suna riƙe da Attaura suna kaciya suna kiyaye Asabar, Bulus kuwa ko sunansa ba sa son ji. Ga Markiyon da cocin Rum ta kora wajen 144, shi cewa ya yi ubangijin Attaura daban Uban Isa daban, ya watsar da Tsohon Alkawari kaf. Wasu ma suka ce Isa ba shi da jiki na gaske, gani kawai aka yi kamar yana shan wahala. Littattafan da aka tono a Nag Hammadi ta Masar a 1945 sun isa shaida.

Inda ba ka son a je shi ne, tun wajen 112 wani gwamnan Rumawa mai suna Piliniyus ya rubuta wa sarki Tarajan cewa Kiristocin yankinsa na taruwa kafin gari ya waye suna rera wa Almasihu waƙa kamar abin bauta, shekara 200 da ɗoriya kenan kafin Nikiya, ko kakan Kustantin ba a haifa ba. Shi kuma Ariyos, limamin Kiristan nan da taron Nikiya ya yi watsi da koyarwarsa, wanda kake ta yi wa kirari da muwahhidi a kan mumbari, ka san abin da ya faɗa kuwa? Ɗan Allah yake kiran Isa fa, ya ce an samar da shi tun babu duniya kuma ta hanyarsa aka halicci komai, rigimarsa da su Atanasiyus, limaman da ra'ayinsu ya rinjaya a taron, ita ce shin Ɗan yana da mafari ko daidai yake da Uban tun azal. Wannan ne tauhidin?

Batun wai a Nikiya aka zaɓi littattafan Baibul kuwa babu shi a abin da taron ya yanke, mu wuce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, yanzu duk wanda ya gyara kuskuren tarihi sai a ce ya karɓi kuɗi, don dai kabbarar 'yan kallo ta fi zaman bincike daɗi kuma ita ke cika wajen wa'azi. Aƙidarmu a kan Annabi Isa daga Alƙur'ani muka ɗauko ta, ba ta jiran Ariyos ya tsaya mata. In kana da majiya ta wancan zamanin da ta ƙaryata ni ka zo da ita ranar Asabar bayan la'asar, ka gayyato waɗanda ka yi tambayar a gabansu.

Wassalam,
Ɗan'uwanka malamin tarihi