Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Safiyo-Janar Na Tarayya

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Tambaya ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: yaushe Najeriya za ta samu nata taswirar jiyoyid, wadda hukuma ta sa wa hannu, kowane mai safiyo ya yi aiki da ita?

Ba kai za a koya wa wannan ba, amma wasiƙar a buɗe take, bari in yi wa masu karatu bayani. Duniya ba mulmulalliya ba ce sumul. Ta ɗan baje a tsakiya, har nisan da ke tsakanin cibiyarta da ikwaita ya ɗara na doron arewa da kusan kilomita 21. Ƙarfin da take jan abubuwa da shi ma ya bambanta daga wuri zuwa wuri, gwargwadon nauyin duwatsun da ke ƙarƙashi. Jiyoyid shi ne shimfiɗar da ruwan teku zai yi in da ya kwanta lamo ya ratsa ƙarƙashin ƙasashe. GPS kuwa daga wata siffa ta lissafi yake auna tsayi, kuma a ƙasar nan tazarar da ke tsakanin biyun ta kai kimanin mita 20, tana hawa tana sauka daga Legas zuwa Maiduguri.

To ruwa bai san GPS ba, jan ƙasa yake bi. Injiniyan da zai haƙa magudana a shimfiɗaɗɗen gari irin Haɗeja ko Maiduguri, inda 'yan santimitoci ke raba gangare da tudu, da me zai gyara awonsa? Sai ya ɗauko EGM2008, taswirar duniya baki ɗaya da Amurkawa suka fitar, ya yi maneji. Turawa sun harba tauraron GOCE a 2009 don auna jan ƙasa daga sama, sakamakon kuma kyauta ne. Abin da ya rage namu ne: a zaga ƙasa da na'ura, ta mota da ta jirgi, a cike gurabe. Ban ce rashin wannan ne ya ɓalle madatsar Alau a Satumbar 2024 ba. Amma duk taswirar da za ta nuna unguwar da ruwa zai fara ci, a kan tsayi na gaskiya take tsayawa.

Tsofaffin turakun siminti da ake ɗaukar tsayi daga kansu kuwa, je ka duba gefen tituna. Katafila ta tumɓuke wasu wajen faɗaɗa hanya, wasu an yi gini a kansu, wani ka tarar an ɗaure akuya a jikinsa, lambar ta goge.

A 2008 aka fara kafa tashoshin NIGNET, wato tashoshin GPS na dindindin da masu safiyo ke dogaro da su, a Zariya, Toro, Yola, Birnin Kebbi da sauransu, aka ce an rabu da zamanin Turawa. Madalla. Sai ga shi har yau takardun filaye da yawa suna kan ma'aunin Minna, tsohon tsarin awon ƙasa na zamanin Turawa mai dogaro da lissafin siffar duniya na Clarke na 1880, wanda ya saɓa da na GPS da gomman mitoci, abin da ya isa ya jefa filin mutum cikin na maƙwabcinsa. Tashar NIGNET nawa ke aiki a yau? Ka fito da jerin, mu gani. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri kan ma'aunin duniya na bai ɗaya, Najeriya na zaune a zauren. Cibiyar nazarin awon duniya ta Toro ma tana nan a jihar Bauchi da masananta.

Don Allah, ranka ya daɗe, taron bita ya isa haka. Ka faɗa mana nawa aikin zai ci, wa ke riƙe da shi, da shekarar da za a gama. In kuɗi ne suka hana, ka faɗa a fili, mu san ƙofar da za mu je mu buga a Majalisa.

Naka,
Wani mai aikin safiyo, Zariya