Sanarwa kan tafiyarmu zuwa Garwa da Lagdo

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗaliban Chadi da ke karatu a Jami'ar Ngaoundere a Kamaru, da fatan kowa ya kammala jarrabawa lafiya.

Kamar yadda muka amince a zaman da ya gabata, za mu yi tafiyar hutu da mota zuwa Garwa ranar Asabar mai zuwa, mu kwana biyu, sannan mu ziyarci madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala gininta a 1982. Za mu taru a bakin ƙofar jami'a a Dang bayan sallar asuba, domin mu sauka gangaren dutsen nan na hanyar Mbe tun kafin manyan motoci su yi yawa, wurin da direbobi suka fi jin tsoro.

Kowa zai biya jaka goma sha biyar ta Orange Money ga ma'ajin rukuni kafin daren Laraba, kuɗin mota da masauki ke nan, abinci kuwa kowa da aljihunsa. Wanda bai biya ba a kan lokaci, za a ba wa wani kujerarsa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne takardu. Mu baƙi ne a ƙasar nan, jandarmomi kuma suna tsayar da motoci a hanya, saboda haka kowa ya riƙe fasfo ko katin shaidarsa tare da katin ɗalibi, kada mutum ɗaya ya jawo wa kowa tsaiko. Ku zo da kaya marasa nauyi da ruwan sha, domin zafin Garwa ba irin sanyin Ngaoundere ba ne.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Na gode.

Ɗan'uwanku, sakataren rukuni